Gini Ya Yi Sama, Lebura Ba Ya Cikin Lissafi

Kafin siminti ya mamaye garuruwanmu, magini a kan katangar da yake ginawa yake zama. Yakan ɗare ta, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje, yaransa na ƙasa suna cilla masa tubali yana cafewa yana jerawa, su jefo masa curin kwaɓi ya cike tsakani. In katanga ta ɗan tashi sai a dakata, a bar ta ta sha rana, domin ɗanyar ƙasa ba ta ɗaukar nauyin wata ɗanyar. Ba a gini da damina. Azarar da ake tsagowa daga giginya tana da iyakar faɗin da za ta iya riƙewa, shi ya sa mai son soro mai faɗi sai ya nemo gwanin da ya iya baka da ɗaurin guga. Kayan aikin da kansu suke hana gaggawa, su ne kuma suke yanke wa gini tsawonsa.

Sana'ar tana da shugabanci. A manyan biranen ƙasar Hausa akwai Sarkin Magina, kuma gini gado ne: yaro yakan fara da ɗebo ruwa da tattaka ƙasa, shekaru su ja kafin a bar shi ya hau katanga. Har yau Zariya ba ta manta da Muhammadu Durugu ba, Babban Gwani, wanda ya gina masallacin Juma'a na birni a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu. A Yama ta jihar Tawa a Nijar, Falke Barmu ya fara gina masallacin garinsu da ƙasa a 1962, aikin da ya samu lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Zamanin tubali ma yana da nasa haɗarin. Katanga ta sha danne mutane, ramin ɗibar ƙasa ya sha ruftawa da masu haƙa, kuma manyan ayyukan sarakuna da dama da gumin bayi da aikin tilas aka yi su. Amma a ginin unguwa, wanda ya faɗo an san shi. An san ubansa, an san ƙofar gidansu, kuma maigidan da ya ɗora shi a kan katangar zai haɗu da uban nan a sahun Magariba, yau da gobe da jibi. Wannan kunyar ce take tsaron ran yaro, ko da babu wanda ya rubuta ta a takarda.

Sai siminti ya zo. Kamfanin Kalambaina na Sakkwato ya fara fitar da shi a 1967, na Ashaka ya biyo baya a 1979, a tsakaninsu kuma kuɗin mai ya ɓarke. A 1975 odar simintin da gwamnati ta yi ta fi ƙarfin tashar jiragen ruwa ta Legas, ɗaruruwan jirage suka yi watanni a kan teku suna jiran a sauke musu kaya. A 1976 aka yanke shawarar gina Abuja. Sannu a hankali gini ya bar hannun gidajen magina ya koma hannun ɗan kwangila, shi kuma ya yanka wa birkila nasa, kafinta nasa, mai ɗaurin rodi nasa, kowannensu ya nemo leburorinsa. Leburanci ba gadon kowa ba ne. Da kaka ta wuce matasa ke baro ƙauyuka, wasu daga Nijar, su shigo birni ci-rani. Da asuba su yi dandazo a bakin titi, shebur da diga a kafaɗa, har wani ya tsaya da mota ya ce yana son mutum goma. Goman da suka riga hayewa su ne ma'aikatan ranar. Ba a tambayar sunan kowa.

Abu biyu ne suka faru lokaci guda, kuma haɗuwarsu ce ta kawo mu inda muke: gini ya yi sama, sanayya ta yanke. Wanda ya zamo daga katangar ƙasa mai kamu shida yakan tashi da targaɗe ko karaya. Wanda ya zamo daga hawa na uku ya sauka a kan tsinin rodi ko tarin bulo, sai dai wani ikon Allah.

Mai son ya gani da idonsa ya je wurin gini ranar zuba dekin. Ranar ba a tsayawa, domin in an fara zuba kankare ana so a gama kafin na farko ya daskare. Tun da sassafe injin kwaɓi ke ruri, mutum biyu suna loda masa yashi da tsakuwa, wani yana farke buhunan siminti, ƙura ta rufe masa gira da gashin ido. Daga bakin injin zuwa saman bene an jingina katakai, an bubbuga musu guntaye a gicciye don ƙafa ta samu wurin kamawa, babu abin dafawa dama ko hagu. A kan wannan gadar leburori ke hawa a jere, kowa da kwanon sarki cike da kankare a ka, ruwan siminti na tsiyaya ta gammo yana bin wuya. Mai saukowa da fankon kwano sai ya karkace ya ba mai hawa hanya. Kafin azahar katakon ya jiƙe ya yi santsi. Yawancinsu silifas ne a ƙafarsu, wasu sun cire shi saboda sulɓi, masu dabara sun naɗe ƙafa da leda ko yagaggen buhu sun ɗaure da tsumma, domin ɗanyen siminti yana cin fata, ba a jin zafinsa sai dare, a wayi gari tsakanin yatsu ya tsattsage. A sama kuma a kan ragar rodi ake takawa, ƙarƙashinta katako, ƙarƙashin katakon sandunan da aka tokare shi da su, waɗanda sau da yawa sun riga sun gaji a wasu gine-ginen. Nauyin kankaren da na mutanen duka a kan sandunan nan yake. Bakin benen a buɗe, kuma a unguwanni da yawa wayar lantarki na ratsawa taku kaɗan daga inda mai rodi ke juya ƙarfe mai tsawon mita 12.

Na taɓa tambayar wani dattijon kafinta me ya hana a kafa ko da katako ɗaya a gefen gadar nan ya zama abin dafawa. Ya ce, "Malam, ai katakon ba nawa ba ne. Mai gini ya ƙirga abin da ya saya. In na ce ya ƙaro goma don yara su dafa, cewa zai yi gida zan kai." Ya san haɗarin fiye da ni, shekarunsa a kansa suka ƙare. Ba shi da ta cewa ne a kan kuɗin.

A wani gini kusa da gidan da na taɓa zama, wani saurayi ya faɗo daga hawa na biyu yana miƙa bulo. Bai mutu ba. Abokan aikinsa suka turo shi a baro zuwa bakin titi, aka sa shi a Adaidaita Sahu, aka fara kai shi kemis, daga can sai wurin mai ɗori. Kafin la'asar an watsa yashi a inda jininsa ya zuba, aiki ya ci gaba. Da na je tambayar jikinsa washegari, foman ya ce, "Wallahi Malam, yaron kirki ne, amma ni da sunan garinsu nake kiransa." Mai ginin ya aika da kuɗin ɗori da na mota, mutane suka yaba masa, kuma a idon unguwa ya kyauta. Bayan 'yan kwanaki 'yan garinsu suka mai da shi gida. Ko ya sake takawa da ƙafafunsa, ko ya iya riƙe fartanya da damina ta zo, babu wanda ya ji a wurin ginin. Faɗuwar nan ba ta shiga littafin asibiti ba, ba ta shiga na 'yan sanda ba, ba ta isa ma'aikatar ƙwadago ba. Da wani mai bincike zai zo ya tambayi mutum nawa suka ji rauni a gine-ginen garinmu a shekarar, ba zai ci karo da yaron nan a ko'ina ba.

Ciwon ke nan, kuma ba namu ne mu kaɗai ba. Ranar 1 ga Nuwamba 2021 bene mai hawa 21 da ake ginawa a titin Gerrard da ke Ikoyi a Legas ya rufta, fiye da mutum 40 suka mutu, har da mai ginin. Aka yi kwanaki ana tono ba wanda ya iya faɗin adadin waɗanda ke ƙarƙashin ɓaraguzan, domin babu takardar da ta nuna wa da wa suka shiga aiki da safen. Sai da aka buɗe teburi, 'yan'uwa suka riƙa zuwa da hotuna suna ba da sunayen waɗanda ba su dawo gida ba. A garin George na Afirka ta Kudu, ƙasar da ta fi mu tsauraran dokokin gini, bene mai hawa biyar ya rufta ranar 6 ga Mayu 2024. Da farko aka ce mutum 75 ne a wurin, sai aka ce 81, daga ƙarshe aka tsaya a kan 62. Mutum 34 suka rasu, da yawansu baƙi ne daga Malawi da Mozambik da Zimbabuwe, 'yan ci-rani su ma. A Kano mun ga namu a ƙarshen Agustan 2022, da bene mai hawa uku da ake ginawa a kasuwar waya ta titin Beirut ya rufta. Irin waɗannan su ke shiga labarai, a kafa kwamiti, a yi mako ana magana. Amma da za a tara masu faɗowa ɗaya-ɗaya, da waɗanda lantarki ya ja, da waɗanda ramin fandisho ko na masai ya rufta da su, ina da yaƙinin sun ninka waɗanda rushewar bene ke ci. Ban ma sa mai yankan tayil da ke shaƙar ƙurar dutse har huhunsa ya lalace ba, ko mai walda da ke kare idonsa da tabaran kasuwa.

Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, ta ƙiyasta a 2005 cewa aƙalla mutum 60,000 ke mutuwa a wuraren gini duk shekara, kusan rai guda kowane minti 10. Ƙiyasi ne, domin ƙasashen da aka fi mutuwa su ne ba su da rajistar kirki, dole masana su ɗauki alƙaluman masu rubutawa su auna na marasa rubutawa da su. Shi ya sa a kan takarda ƙasar da ke rubuta kowane yanka da kowace karaya takan fi wadda ba ta rubuta komai yawan haɗari. Jami'in da ya duba teburinsa bai ga rahoto ba yana iya ɗauka lafiya ake, kuma ba za a ware kuɗi ko a ɗauki sufeto don matsalar da ba ta bayyana a lissafi ba.

Taƙaddamar da aka yi kan Katar gabanin gasar cin kofin duniya ta 2022, in aka duba, taƙaddamar ƙirga ce. A Fabrairun 2021 jaridar Guardian ta Ingila ta tattara bayanai daga Indiya da Pakistan da Nepal da Bangaladash da Siri Lanka, ta ce fiye da 'yan ƙasashen 6,500 sun mutu a Katar cikin shekara goma, ta kowane irin dalili. Masu shirya gasar suka ce cikin ma'aikatan filayen wasa 37 ne suka mutu, 3 kaɗai ta dalilin aiki. Ana tsakiyar gasar babban sakataren kwamitin shirya gasar, Hassan al-Thawadi, ya ambaci tsakanin 400 da 500. Kowane ɓangare abin da yake ƙirgawa daban. Saurayi lafiyayye ya yini a rana, ya kwanta da dare bai tashi ba, takardarsa ta ce zuciya ce ta tsaya: a wane layi za a sa shi? Duk da haka matsin lambar ta yi amfani. Tun 2021 dokar Katar ta hana aiki a fili daga ƙarfe 10 na safe zuwa 3:30 na yamma, daga 1 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba. Mu ma muna da irin wannan zafin rana. A Sakkwato da Maiduguri da Yamai zafin Afrilu yakan haura digiri 40, kuma a cikinsa ake ɗaukar kwanon sarki. Abin lura shi ne daga 2022 zuwa 2024, da azumi ya faɗo cikin bazara, wurare da yawa sun koma fara aiki bayan asuba a tashi kafin azahar, wasu su zuba dekin da dare a hasken janareta. Gine-ginen ba su fasa tashi ba. Abin da aka iya yi saboda azumi ana iya yin sa saboda zafi.

Ba za a ce babu abin da ya sauya ba. Wanda ya san wuraren aikin manyan kamfanoni a shekarun 1980 ya kuma ga na yau zai ga bambanci: hular kwano, riga mai ƙyalli, takalmi mai ƙarfe a baki, dandamalin ƙarfe a madadin na katako, jami'in da aikinsa kula da lafiyar ma'aikata kawai, ɗan taro da safe kafin a kama aiki. Yawancin wannan ta kamfanonin mai ya shigo, da ayyukan da Bankin Duniya da irinsa ke ba da rancensu, domin su sukan sa shi cikin sharuɗɗan kwangila. Na yi murna da shi. Amma hula ita ce ta ƙarshe cikin abubuwan da ke tsare rai. Tana kare kai daga guduma ko guntun bulon da ya suɓuce daga sama. Ba ta hana mutum faɗowa daga hawa na huɗu, ba ta hana dekin ruftawa in an zare tokarensa kafin lokaci. Kankare sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da injiniya ya yi lissafi da shi, amma kafinta na son katakonsa don wani aikin, mai gini na son a hau na gaba. Abin da ya fi damuna shi ne yadda hula ta zama ma'auni. Mai duba aiki ya zo ya ga kowa da hula a ka, ya koma hankalinsa kwance, bai ɗaga kai ya dubi bakin bene ba.

Akwai kuma allon da ake kafawa a ƙofar manyan ayyuka, mai cewa an yi kwana kaza ba a samu haɗarin da ya hana wani zuwa aiki ba. Niyyar mai kyau ce. Sai dai in aka rataya ladan foman ko sabunta kwangilar ƙaramin ɗan kwangila a kan lambar nan, an ba shi dalilin ɓoyewa. Wanda ya yanke a kai shi kemis a asirce, wanda ya karye a sallame shi da 'yan kuɗi a ce ya tafi ganin gida. Lamba na hawa, ramin da ya jawo karayar na nan a buɗe. Tun a 1931 wani ma'aikacin inshora a Amurka, Herbert Heinrich, ya fitar da lissafin da ya shahara, cewa bayan kowane mummunan rauni guda akwai ƙanana 29, da kuma sau 300 da aka tsallake rijiya da baya. Masana sun soki alƙaluman nasa daga baya, kuma da hujja, amma duk wanda ya yi aikin gini ya san tushen maganar gaskiya ne: kafin katako ya karye da mutum, ya sha yin ƙara a ƙarƙashin wasu. Leburori sun san tsanin da ke rawa. Ba a tambayarsu ne, kuma wanda aka ɗauka da safe za a sallama da yamma ba ya so a san shi da ƙorafi.

Hanyar awon da ta fi kwanta mini ita ce wadda wani masani, Heikki Laitinen, da abokan aikinsa suka ɓullo da ita a Finlan a farkon shekarun 1990. Ba ta jiran sai wani ya ji ciwo. Duk mako wakilin ma'aikata da na shugabannin aiki su zaga wurin tare, da takarda mai gida biyu: daidai, da ba daidai ba. Su dubi kowane tsani da dandamali, kowane baki da kowane rami ko an kare shi, injuna, wayoyin wuta da haske, hanyoyin wucewa ko an share su, da yadda mutane ke aiki. Kowane abu a ja masa ɗan layi a ɗayan gidajen. A ƙarshe a fitar da kashi nawa cikin 100 ne daidai, a manna inda kowa zai gani, mako mai zuwa a sake. Biro da takarda da mutum biyu masu amana sun isa, wanda bai yi zurfi a boko ba ma zai iya. Ƙarya na da wuya a cikinta, domin ramin da aka ce an rufe yana nan kowa na ganinsa. Ban ga abin da zai hana ƙungiyar birkiloli ko ta kafintoci a Kano ko Damagaram ta ɗauki irin wannan ba, su da ke da shugabanni da taron wata-wata da asusun taimakon juna.

Doka kuwa, a Najeriya, ta yi wa aiki da ita nisa. Dokar masana'antu ta 1987 don masaƙu da ma'aikatu masu inji aka tsara ta, masana sun daɗe suna kukan ba ta rungumi wurin gini yadda ya kamata ba. Amma dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke gudanarwa, ta haɗa har da ma'aikacin wucin-gadi, da ɗan koyo, da wanda aka ɗauka da baki babu takarda. Ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikata ya zuba kashi 1 cikin 100 na albashin da yake biya a asusu, ya kuma kai rahoton rauni cikin kwana 7. A rubuce, saurayin nan da aka turo a baro yana da haƙƙi. To da me zai nema? Ba shi da shaidar ya taɓa aiki a wurin, bai san da dokar ba, foman ma bai sani ba. Indiya ta bi wata hanyar: tun 1996 ta yi dokar cire kashi 1 cikin 100 na kuɗin gini don jin daɗin leburori. Kuɗi suka taru maƙil, amma a 2018 Kotun Ƙolin ƙasar ta yi tir da yadda akasarinsu ke ajiye ba su isa ga masu su ba, kuma cikin manyan dalilan akwai rashin rajistar leburorin. Duk ta inda aka ɓullo, a bakin suna ake cijewa.

Akwai maganar da ba zan tsallake ba. In aka yi rashi a wurin gini, abin da ake fara faɗi shi ne kwana ya ƙare, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Mun yi imani da ƙaddara, kuma maganar tana sanyaya zuciyar uwa da ta matar mamaci, ba zan hana su ita ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ta fito daga bakin wanda ya ƙi sayen katakon. Malaman fiƙihu ba su bar wannan ƙofa a buɗe ba. Sun yi magana kan wanda ya haƙa rijiya a hanyar jama'a wani ya faɗa, da mai katangar da ta karkata aka gargaɗe shi bai gyara ba har ta danne mutum, suka ɗora musu lamuni. Kisan kuskure ma yana da diyya. Imani da ajali bai taɓa sauke wa mai sakaci nauyi a shari'a ba, mu ne muka gwama su don mu huta da tambaya. Zan so in ji limamai sun ɗauki wannan a huɗuba, domin masu gina benayen nan suna cikin sahu suna saurare.

Masu ginin kuwa, mafi yawansu ba kamfanoni ba ne. Mu ne: ma'aikacin da ke ɗora bulo kaɗan-kaɗan in ya ɗauki albashi, ɗan kasuwar da ke tayar da shaguna, kwamitin masallaci, kwamitin Islamiyya. Mu muke kiran birkiloli uku mu ba da jinga ga wanda ya fi rahusa, mu kuma ja masa kunne kan lokaci. In buhun siminti ya tashi, abin da ake fara yankewa shi ne wanda ba zai bayyana a ginin ba in an gama: katakon dafawa, ƙarin tokare, igiyar ɗaure mai aiki a sama, takalman roba na ranar dekin, ruwan sha. Da mai gini zai cire waɗannan daga cikin ciniki ya saye su da hannunsa, kafinta ba zai ji tsoron a ce gida zai kai ba. Da kuma zai ajiye littafi mai bangon kwali a wurin maigadi, duk wanda ya shigo a rubuta sunansa da garinsu da lambar wanda za a kira, da ya yi abin da ya gagari benen Ikoyi mai hawa 21.

Wani abu ya faru da babu wanda ya shirya shi. Ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya tilasta wa masu gini da fomomi da yawa biyan leburori ta waya, matasa da dama suka buɗe asusu a lokacin don kada guminsu ya maƙale, kuma bayan kuɗi sun dawo wasu ba su koma karɓa a hannu ba. Yanzu a wayar foman akwai jerin cikakkun sunaye, kowanne da rana da adadi, a wayar lebura kuma akwai saƙon banki da ke nuna wa ya biya shi. Ga da yawansu, wannan ce rubutacciyar shaida ta farko cewa sun taɓa aiki a wani gini. Ya kamata ƙungiyoyinsu su koya musu kada su goge saƙonnin nan, domin lauyan da ya karɓi ƙarar wanda ya karye a yau yana da abin da zai fara nuna wa alƙali. Waɗanda suka rage su ne masu karɓa ta asusun mai POS ko na abokin aiki, da baƙin da suka ƙetaro iyaka ba su da lambar BVN ko NIN, kuma su ne aka fi ɗora wa kwanon sarki ranar dekin.